Damina Ba Ta Jiran Sa Hannu: Yadda Na Yi Binciken Sauro Daga Garwa Zuwa Yawunde

Ni malamin kimiyyar halittu ne a wata makarantar sakandare ta gwamnati a Garwa, darasin da a nan Kamaru muke kira SVT. Shekara takwas ina zana wa yara sauro a allo, ina nuna musu yadda yake ɗaukar ƙwayar zazzaɓi daga jinin wannan ya kai wa wancan, kafin wata ɗaliba ta yi mini tambayar da ta hana ni barci. Ta ce, "Malam, gidan sauron da aka raba mana sabo ne, an ce akwai magani a jikinsa, amma da asuba sai in ga sauro zaune a kai hankalinsa kwance. Maganin ne ya gaji, ko kuwa sauron ne ya fi ƙarfinsa?" Na ba ta amsar littafi, na ce sauro kan saba da magani. Da na fita daga ajin sai zuciyata ta ƙi yarda da amsar, domin kalmar "sabo" ba ta bayyana komai ba. Abin da ya mayar da ni jami'a ke nan a ƙarshen 2022, in yi shekara ta biyu ta digirin mastar a kan juriyar sauro ga maganin kwari. Aikin da aka tsara wa shekara ɗaya ya ci mini fiye da biyu. Ina rubuta wannan ne saboda ƙannena da ke shirin shiga irin hanyar nan a Garwa ko Marwa ko Ngaundere, don kada su faɗa ramin da na faɗa.

Rajista ba ta ba ni wahala ba. Kuɗin makaranta a jami'o'in gwamnati jaka 50 ne a shekara, wato sefa 50,000, na biya a banki na kai rasit. Abin da ya ɗauki lokaci shi ne tsarin bincike, takardar da ke faɗin me za ka yi, a ina, da me, kuma don me. Sau huɗu malamin da ke duba aikina yana mayar mini da ita. A karo na farko na rubuta cewa zan binciki "sauron Garwa". Ya ja layi a ƙarƙashin kalmar ya ce, "Malam, wane sauro?" Ranar ce na fara gane zurfin abin. Sauron da ya fi yaɗa zazzaɓi a yankinmu, wanda ake kira Anofilis gambiye, a gaskiya gida ne mai 'yan'uwa da yawa. Akwai gambiye ɗin kansa, akwai koluzi wanda sai a 2013 aka raɗa masa sunansa na kansa, akwai arabiyensis da ya fi yawa a ƙasashen fari irin tamu. Ko ka sa su a ƙarƙashin madubin ƙara girma ba za ka raba su ba, kamar tagwaye suke, alhali halinsu ya bambanta: arabiyensis yana cizon shanu kamar yadda yake cizon mutane, kuma yakan huta a waje. Sai an duba sinadarin gadonsu, wato DNA, ake sanin wane ne wane. Ke nan aikina kashi biyu ne: na cikin kududdufi a Garwa, da na ɗakin gwaji a Yawunde. An amince da tsarin a watan Afrilun 2023, ana tsakiyar zafin nan da ke wuce 40 a ma'auni, ni kuwa ina ganin lokaci na nan jibge kafin ruwa ya sauka sosai.

A nan na yi kuskurena mafi tsada. Na ɗauka tunda sauro zan kama, ba jinin mutane zan ɗiba ba, babu ruwana da kwamitin ɗa'ar bincike. Amma a cikin tsarina na rubuta cewa zan shiga ɗakunan kwanan mutane da sassafe in kama sauron da ya ƙoshi yake hutawa a bango. Da zarar ka ce za ka taka ɗakin mutum, to ka shiga hurumin kwamitin. Ban san haka ba sai a watan Yuni, lokacin da na kai wasiƙata ofishin lafiya na yanki, ma'aikacin ya juya takardun ya ce ina amincewar kwamiti. Na koma da baya. Abin da aka nema a wurina shi ne wasiƙar roƙo mai tambur, tambur ɗin kuwa a 2023 ya tashi daga sefa 1,000 zuwa 1,500, takardar shaidar cewa ni ɗalibi ne, izinin bincike daga shugaban tsangaya, tsarin binciken da sa hannun malamina, tarihin aikina da nasa, jadawalin lokaci, kasafin kuɗi, sai takardar bayani ga masu gida da ta amincewarsu. Duk wannan tarin muke kira dosiye, kuma kwafi da yawa ake so, kowanne a ɗinke. Buga takardu da ɗinki kaɗai sun ci mini kusan jaka 12, ban da kuɗin duba dosiyen. Izinin tsangaya ya yi mako uku kafin ya fito, domin mai sa hannun ya yi tafiya. Da na kai komai sai aka ce mini kwamitin ba kullum yake zama ba, kuma zaman da ya gabata an yi shi kwana biyar kafin zuwana. Na jira na gaba. Da aka zauna, aka mayar mini da dosiyen da gyara biyu: takardar bayanin da Faransanci kawai take, alhali yawancin masu gidajen da zan shiga Fulatanci da Hausa suke ji, kuma ban faɗi abin da zan yi ba idan na tarar da yaro kwance da zazzaɓi a gidan da na shiga. Ranar nan raina ya ɓaci ƙwarai, na hau babur ina ta ƙorafi a zuci. Da na huce na ga gaskiya ce tasu. Yaya za a yi ka sa tsohuwa ta dangwala yatsa a kan takardar da ba ta san me ke ciki ba? Na zauna na rubuta ta da Hausa da kaina, wani abokin aikina ya yi ta Fulatanci, na ƙara sakin layi cewa duk mara lafiyar da na gani zan sanar da ma'aikacin lafiya na unguwa.

Amincewar ta fito a tsakiyar Satumba. Daga nan sai jerin ofisoshi, kowanne yana son ganin hatimin wanda ya gabace shi: wakilin ma'aikatar lafiya na yanki, shugaban gundumar lafiya, sai sufurefe, sannan lawani da jauro na kowace unguwa. Ba za ka tsallake ɗaya ka je na gaba ba, na gwada, an mayar da ni. Makarantu kuma sun koma tun farkon Satumba, ina da aji biyar, sai Laraba da rana da 'yan sa'o'in da babu darasi nake samun zuwa bin sawun takarda. Hatimin ƙarshe ya hau takardata a makon ƙarshe na Oktoba. Washegari na ɗauki ludayi da bokiti na nufi wuraren da na yi wa alama tun watan Agusta, kududdufan da na gani cike da tsutsar sauro a Jambutu da bakin hanyar Fitowa. Na tarar da laka ta bushe ta tsattsage. Na tsaya a wurin da takarda mai hatimi shida a aljihu, babu ko ɗigon ruwa. Damina ta tafi, shekara ta tafi, jaka 50 na sabuwar rajista na jirana. Da na gaya wa mahaifiyata da dare, ba ta yi dogon zance ba, ta ce, "Tun ran gini tun ran zane, ɗana. Allah ya kai mu wata."

Malamina ya hana ni zaman banza. Ya ce in je wajen Lagdo, inda ruwan madatsar da aka gina a kan Binuwai yake ba gonakin shinkafa ruwa har da rani, in koyi hannu. Wannan shawara ita ta ceci aikin. A can na koyi raba tsutsa da ido. Ta Anofilis tana kwanciya a miƙe a saman ruwa kamar tsinken da ya faɗo, idan inuwarka ta taɓa ta sai ta nutse. Ta sauron kwata, wato kuleks, tana rataye ne kai a ƙasa da wani ɗan bututun numfashi a wutsiya. Na koyi fuskantar rana in na tunkari ruwa don inuwata ta koma baya, in sa farin ludayi a hankali a gefen ciyawa in bar ruwan ya kwararo ciki da kansa. Na koyi cewa ba a cika jarka, kuma ba a ɗaure ta a bayan babur a bi hanya mai gargada da gudu, domin girgiza tana kashe su. Tafiyar farko rabi suka mutu kafin in iso Garwa. A gida na mayar da wani ɗan ɗaki wurin kiwo. Farantan roba masu faɗi, ruwan da aka bari ya kwana, garin abincin kifi ɗan kaɗan kamar yadda ake barbaɗa gishiri, in ya yi yawa ruwan ya yi yauƙi su mutu. Idan tsutsa ta dunƙule ta zama kamar waƙafi, ta daina ci ke nan, sai in tsince ta in sa a kofi cikin kejin da aka rufe da yadin gidan sauro mara magani, bayan kamar kwana biyu sauro ya fito. Abincinsa auduga ce da aka jiƙa da ruwan sukari, kashi 10 cikin ɗari. Kejina na farko kiyashi ne suka cinye shi. Na kwanta da sauro sama da ɗari, na tashi na tarar da fukafukai kawai a ƙasan kejin da layin kiyashi yana gangarowa ta ƙafar tebur. Daga ranar kowace ƙafar tebur tana cikin gwangwanin ruwa. Hunturu kuma ya koya mini rufa wa keji jiƙaƙƙen tawul, don bushewar iska tana kashe sauro kafin magani ya taɓa shi.

Amincewar kwamiti tana da wa'adi, saboda haka tun watan Maris na 2024 na nemi a sabunta ta, na kuma sake zagaya ofisoshin nan kafin ruwa ya sauka. Wannan karon da Yuli ya kama komai yana hannuna, ga hutun makaranta ya ba ni sarari. Na fara da gaisuwar jauro a kowace unguwa, da goro a hannu. Wani dattijo cikinsu ya karanta takardar Hausar nan a hankali, ya ɗago ya ce, "Yaro, mu dai mun san sauro yana kama mutum, yau ga mai kama sauro. To me za mu samu?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ni da magani ko kuɗin da zan raba. Abin da zan iya shi ne in dawo in gaya muku abin da na gani." Ya haɗa ni da wani saurayi ɗan unguwar da yake yi mini sallama a kowace ƙofa. A gidajen da ake kulle, ƙanwata ce take shiga ɗakunan da bututun tsotsa da tocila, ni in tsaya a zaure ina rubuta lamba. Ba don ita ba da rabin gidajen sun rufu gare ni. Tsutsa kuwa mun fi samunta a inda ban zata ba: sawun tayar mota, sawun kofaton shanu, ramukan da masu bulo suka bari. Ƙaramin ruwa mai haske da rana ke duka, shi Anofilis ke so.

Gwajin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara shi ne zuciyar aikin, kuma zan ɗan daɗe a kansa domin a nan ɗalibai suke ɓata aikinsu ba su sani ba. Ana amfani da bututan roba masu alamar ɗigo: kore na ajiye sauro, ja na takarda mai magani, rawaya na takarda mara magani. Takardun masu magani ba a kasuwa ake saye ba, daga wata jami'a a ƙasar Maleshiya ake yin odarsu, ni dai malamina ne ya samo mini. Suna da ranar lalacewa, a firiji ake ajiye su, kuma ba a amfani da guda fiye da sau shida. Na gwada deltametirin mai ƙarfin 0.05 cikin ɗari da farmetirin mai 0.75, dukansu dangin firetiroyid ne, irin maganin da ke jikin yawancin gidajen sauro. Mata kawai ake ɗauka, 'yan kwana uku zuwa biyar da ba su taɓa shan jini ba. Namiji ana gane shi da gashin-bakinsa mai kauri kamar buroshi. Ana sa kamar 25 a kowane bututu, huɗu masu magani da biyu marasa magani. Su yi sa'a ɗaya cif a kan takardar, kana ƙirga waɗanda suka faɗi, sannan ka hura su a hankali su koma bututun kore, ka ɗora audugar sukari, ka jira sa'a 24. Idan 98 cikin ɗari ko fiye suka mutu, magani na aiki. Tsakanin 90 da 97 akwai shakka, sai an maimaita. Ƙasa da 90, juriya ta tabbata. Bututan rawaya su ne shaidarka. Idan sauron da bai ga magani ba ya mutu fiye da 20 cikin ɗari, gwajin gaba ɗaya ya rushe, domin ba ka san me ya kashe sauran ba. Haka ta faru da ni a gwaji na biyu. Wuta ta ɗauke da rana, ɗakin ya yi zafi fiye da 27 ɗin da ake so da nisa, da safe na tarar da gawarwaki har a bututan rawaya. Kiwon kwana goma ya tafi. Zuciya ta raya mini in rubuta alƙaluman hakanan, wa zai sani? Na zubar, na koma kududdufi. Daga nan sai da asuba nake fara gwaji, kuma a cikin akwatin sanyi mai jiƙaƙƙen tawul nake kwantar da bututan.

Ba zan manta safiyar da gwaji na farko mai kyau ya cika sa'a 24 ba. Na ɗaga bututun zuwa hasken taga. A ƙasa akwai matattu, amma a jikin bangon ga wasu tsaye, ciki a ɗage sama yadda Anofilis ke tsayawa, wata ma tana shan sukarinta. Sa'a guda suka yi a kan maganin da aka auna don ya kashe su duka. Abin da ɗalibar nan ta gani a kan gidan sauronta shi ne a hannuna. Sai na yi wani gwajin daban da wani sinadari mai suna PBO. Shi ba ya kashe sauro, aikinsa ya toshe wasu sinadaran jikin sauro da ke narkar da guba. Ana sa sauron sa'a ɗaya a kan takardar PBO, sannan a mayar da shi kan deltametirin. Mace-macen suka ƙaru sosai, ko da yake ba su kai ɗari bisa ɗari ba. Kowace sauro, matacciya ko rayayya, na sa ta ita kaɗai a ɗan ƙaramin bututu mai ƙwayoyin silika masu tsotse danshi da ɗan auduga a kai, na rubuta unguwa, rana, magani, da ko ta mutu ko ta tsira. A rubuta da fensir a kan takarda a sa ciki, ban da wanda aka rubuta a jikin murfi, domin tawadar alƙalamin nan da ake kira maka tana gogewa.

A watan Nuwamba na nemi izinin mako biyar daga shugaban makarantarmu, da alkawarin rama darussa. Na hau mota zuwa Ngaundere, daga can na shiga jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, akwatin sauro a kan cinyata har gari ya waye. Na sauka wurin kawuna a Birikitiri, unguwar Hausawa, abin da ya rage mini kuɗin masauki gaba ɗaya. Yawunde tana da cibiyoyin da suka yi suna a binciken sauro, irin su OCEAC da CRID, wadda Farfesa Charles Wondji ke jagoranta, mutumin da aikinsa ya nuna yadda wasu ƙwayoyin gado ke ba wani nau'in Anofilis mai suna funestus ƙarfin narkar da firetiroyid. Ni dai malamina ya nemo mini gurbi a wani ɗakin gwaji ta hanyar wasiƙa tun watan Agusta, da sharaɗin in biya kuɗin sinadaran da zan ƙona. Wannan shi ne kashi mafi nauyi a aljihuna, ya fi duk sauran kuɗin da na kashe in an haɗa, shi ya sa na zaɓi wani kaso na sauron na bar saura. Makon farko ba a bar ni na taɓa samfurina ba. Wata ma'aikaciya mai haƙuri ta sa ni ina ɗiban ruwa mai launi da bututun awo daga safe har yamma, sai da hannuna ya daina rawa. Bayan nan aka shiga fitar da DNA: a niƙa sauro ɗaya a cikin ruwan sinadari, a gasa a ruwa mai zafin 65, a juya a injin wulwulawa, a wanke da barasar gwaji, a ƙarshe ya rage ɗan ɗigon da da ƙyar ido ke gani a gindin bututu. Sannan sai PCR, injin da ke kwafe ɗan guntun DNA ɗin da kake nema. Yana ɗaga zafi zuwa wajen 94 igiyoyin biyu su rabu, ya sauko don 'yan alamomin da ka zuba su manne a inda ake so, ya hau 72 a gina sabuwar igiya. Kowane zagaye yana ninka abin sau biyu, zagaye 30 ya kai kwafi kusan biliyan ɗaya. Sinadarin da ke ginin yana jure wannan zafi ne saboda an samo shi daga wata ƙwayar bakteriya da ke rayuwa a maɓuɓɓugar ruwan zafi a Amurka. Shekara takwas ina faɗa wa yara wannan, ranar nan na fara jin ɗumin murfin injin a tafin hannuna.

Ana zuba abin da ya fito a ramukan wani farin abu mai kama da daskararren kamu, a sa masa lantarki, guntayen su yi tsere, gajeru a gaba. A ƙarƙashin fitila ta musamman sai layuka su haska, kowane iri a lambar tsawon guntun DNA ɗinsa: koluzi a 479, gambiye a 249, arabiyensis a 223. Biyun ƙarshen nan suna kusa da juna ƙwarai, in ka yi gaggawar kashe lantarki za ka gan su kamar layi ɗaya. A zubi na uku layi ya fito a ramin da ruwa zalla na sa, inda bai kamata komai ya fito ba. Ma'aikaciyar ta duba ta ce mini da Faransanci, "Ɗan'uwana, wannan farantin duka na shara ne." Na manta canza bakin bututun awo sau ɗaya, DNA ɗin wata sauro ya shiga ruwan da nake rabawa kowa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na sake biyan sinadarin.

Yawancin saurona arabiyensis ne, sai koluzi a unguwannin cikin gari. Daga nan muka nemi canjin gadon da ake kira kdr. Firetiroyid yana kashe sauro ne ta hanyar riƙe wata 'yar ƙofa a jijiyarsa a buɗe, ƙofar da gishirin sodiyam ke bi, sai jijiyar ta yi ta harbawa har sauron ya shanye. Harafi ɗaya tak in ya canza a DNA, daga TTA zuwa TTT ko TCA, siffar ƙofar ta ɗan sauya, maganin ya kasa kama ta da kyau. Na farkon an fara gano shi a Afirka ta Yamma, na biyun a Kenya, kuma duka biyun akwai su a Kamaru. Na zo da tabbacin cewa duk wadda ta tsira tana ɗauke da shi. Ba haka ya fito ba: da yawa cikin waɗanda suka tsira ba su da shi ko kaɗan. Sai gwajin PBO ya yi ma'ana, wato akwai hanya ta biyu, sauron yana narkar da gubar kafin ta kai jijiya. A yankin da ake noman auduga da lambu ana fesa magunguna masu dangantaka da na gidan sauro, ruwan sama ya wanke su zuwa inda tsutsa ke girma, ba abin mamaki ba ne. Na so in auna waɗanne ƙwayoyin gado ne suke aiki fiye da kima, aka ce ba zai yiwu ba. Wannan awon da RNA ake yinsa, wato ɗan'uwan DNA da ke ɗauke da saƙon ƙwayoyin gadon da ke aiki, shi kuwa ba ya jure bushewa. Sauron da za a yi masa haka sai an tsoma shi da ransa a wani ruwan adana na musamman, ko a daskarar da shi a sanyi mai tsanani. Ni duk na busar da nawa a silika. Tambaya ɗaya ga ɗakin gwajin tun watan Yuni da ta isa.

Na kare kundin a 2025. Ajiye kwafi, jiran a kafa kwamitin alƙalai, da sanya rana sun ɗauki wata uku. An yi mini tambayoyi masu zafi a kan ƙarancin samfurin da na kai PCR, na amsa da gaskiya cewa aljihu ne ya yanke adadin.

Ga wanda zai bi bayana: ka ƙirga lokacinka daga watan Agusta ka dawo baya, ba daga ranar rajista ka yi gaba ba. Dosiyen kwamitin ɗa'a ya shiga tun Janairu ko Fabrairu, kuma ranar farko ka tambayi sakatariya yaushe ne zama na gaba da adadin kwafin da ake so. Kada ka bar asalin kowace takarda a ofis, ka ba da kwafi, ka ɗauki hoton kowane hatimi da wayarka. Ka rubuta bayanin masu gida da harshen da suke ji tun kafin a ce ka yi. Ka yi magana da ɗakin gwajin da za ka je kafin ka kama sauro ko ɗaya, su faɗa maka yadda suke son a adana shi da abin da kowane samfuri zai ci. In kai malamin makaranta ne, ka shirya da shugabanka tun farkon shekara. Kuma in da mace a cikin 'yan'uwanka da za ta iya shiga ɗakuna, ka sa sunanta a dosiyen tun farko.

Na koma wurin jauron nan kamar yadda na yi alkawari. Na gaya masa, a gaban mutanen da ke zaure, cewa maganin ya rage ƙarfi a kan sauron unguwarsu amma gidan sauro bai zama banza ba: yadin kansa katanga ne, a ɗinke inda ya yage, a shanya a inuwa, a cusa gefensa ƙarƙashin katifa. Na gaya musu akwai sababbin gidajen sauro masu PBO, da wasu masu wani magani daban da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da su a 2023, kuma kada a yi wasa da maganin rigakafin da ake ba yara duk wata da damina, da allurar zazzaɓin da Kamaru ta fara sakawa cikin rigakafin jarirai a Janairun 2024. Ɗalibar da ta yi tambayar ta gama makaranta kafin in samo amsar, ta hannun ƙaninta na aika mata. A ajinsu kuwa yanzu da farantin tsutsa nake shiga, in raba yara biyar-biyar, kowane rukuni ya ware mini masu kwanciya a miƙe daga masu rataye, su rubuta ranar da ta farko ta dunƙule. Kwalbar ruwan adana RNA tana cikin firijin gidanmu a bayan robar kunun aya, kuma wasiƙar neman izinin damina mai zuwa ta shiga tun Fabrairu.